Ku Fitar da Ita

Tambuwal, 11 ga Disamba, 1978

Zuwa ga bawana Attahiru, a ƙasar Ingila,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kamar yadda muke. Maigidana da yara suna gaishe ka. Kada ka ɓata rai da na kira ka bawa. Kakarka ƙanwar kakana ce, ko ka zama shugaban injiniyoyin duniya taubashina kake, kuma auren ƙanwata da ka yi bai 'yanta ka ba.

Albishirinka. Zahara'u ta sauka lafiya a gidanmu na Kebbe, an samu namiji. Jiya aka yi suna, an sa masa Dawuda, sunan mahaifinka, saboda haka mata suna kiransa Ɗangiwa, don ƙato ne. Hancinka ya ɗauko, Allah ya ba shi haƙurin zama da shi.

Ba a ɗakin ciyawa take jego ba. Kawu Namadi, tun da kwangila ta buɗe masa, ya tsaya kai da fata sai ya gina wa Inna ɗakin siminti. Ka ga ɗaki: bulo, kwano, silin, taga ta gilashi, ƙofar ƙarfe wadda in ka rufe ko sauro sai ya yi sallama. Inna ta ce autarta ce za ta fara kwana a ciki. Mata har daga Sanyinna suke zuwa barka, rabin barkar ta ɗakin ce.

Maijego tana shan wanka da kunun kanwa yadda ya kamata. Tana ɗan kukan ciwon kai, amma wace maijego ce ba ta yi? Ta ce in tambaye ka wai har yanzu iska kake aunawa? Ni ma ina son sani. Gwamnatin Sakkwato ta ɗauki mutum ta kai shi bayan teku don ya auna abin da Allah ya ba kowa kyauta. Ka rubuto da wuri, ka san takarda sai ta kwana a gidan wayan Tambuwal kafin in samu motar Kebbe.

Uwargijiyarka,
Ummulkulsum

*

Ingila, 22 ga Disamba, 1978

Zuwa ga Malama Ummulkulsum,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, sai sanyi da ba shi da kunya. Alhamdu lillahi. Na karanta ta a tsaye, na sake karanta ta a zaune, sannan na fita na saya wa abokan aikina alewa, suna ta tambayata sunan yaron, ni kuwa na kasa faɗa. Allah ya raya shi. Ki gaishe da Inna da Kawu, ki yi wa ƙanwar taki sannu, ki ce mata ina nan tafe da bazara kamar yadda na saba, in Allah ya so.

Tun da kin tsokane ni, bari in gaya miki aikina. Tsadar man fetur da ta cika wa su Kawu aljihu, mutanen nan ta ƙona nasu. Da mai suke ɗumama gidajensu, sai suka shiga toshe kowace kafa don kada ɗumin ya tsere. Ɗumi ya zauna, amma numfashin mutane da hayaƙin murhu su ma suka zauna. Mu aikinmu mu gano iyakar toshewar da gida zai ɗauka bai cuci mai shi ba. Mukan saki wani hayaƙi marar illa a cikin ɗaki, mu rufe, mu ga yaya zai daɗe kafin ya fita. Akwai ɗakin da kafin ki sha shayi ya washe, akwai wanda sai ki dawo da yamma ki tarar da shi yana jiranki. Na gaya wa malamina ɗakin ciyawar kakata ya fi duk gidajensu iya numfashi, ya yi dariya ya ce in rubuta.

Wannan ɗaki na Kawu, an bar masa 'yan kafofi a sama kusa da silin? Ki duba mini in kin je. Tambaya ce kawai irin ta mai sana'a.

Naki, wanda ba bawan kowa ba,
Attahiru

*

Tambuwal, 24 ga Disamba, 1978

Attahiru,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, yaro yana lafiya. Ban ga amsarka ba tukuna, amma ba zan iya jira ba. Jikin Zahara'u ba daɗi.

Yau na dawo daga Kebbe. Ciwon kan nan ya zama wani abu dabam. Tana amai, tana jiri, wani lokaci ta dube ni ta kira ni da sunan wata. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne da safe in an fito da ita wanka bayan gida, gindin tsamiya, sai ta warware, ta yi hira, har ta nemi fura. Da an mayar da ita ɗaki, kafin azahar ta koma kamar tsumma. Malamin difensare ya zo ya ce ƙarancin jini ne, ya ba da ƙwayoyi, ba mu ga canji ba.

Ba sakaci ake yi ba, kada ka zargi kowa. Ka san maijego ba ta son sanyi, ga shi ɗarin bana ya yi tsanani. Da yake babu gadon ƙasa a sabon ɗakin, Inna kasko take cikawa da garwashin gawayi ta tura ƙarƙashin gadon ƙarfe, ta rufe ƙofa da taga, ba ta bari ya mutu dare da rana. Ita kanta Inna kanta yana sarawa saboda wahala, ni ma da na wuni a ciki na fito da nawa. Hatta fitilar ɗakin ba ta da kuzari, na gyara lagwani har na gaji.

Mata suna ta faɗin abin da suke faɗi, ka san mutanenmu, ni ba na ma son in kama sunan abin a takarda. Na daka musu tsawa na ce asibiti za a kai ta. Kawu ya ce hanyar nan mai lafiya ma tana karya shi, bare maijego a bayan akori-kura. Inna kuma ta ce, “Ba a hidda maijego ba ta yi arba'in ba. Mu haka munka gani, haka anka yi muna.”

Attahiru, tsoro nake ji. Kai ne mijinta, kai ne mai ilimi. Ka tambayi likitocin can, ka gaya mana abin da za mu yi. Maganarka Inna za ta ji, tawa ba ta ji.

Ummulkulsum

*

TALGIRAM. 4 JANAIRU 1979. UMMULKULSUM MAKARANTAR FIRAMARE TAMBUWAL.

ISKA CE KU FITAR DA ITA MAZA ATTAHIRU

*

Ingila, 4 ga Janairu, 1979

Ummulkulsum,

Salamu alaikum. Sai yau takardarki ta zo, hutun Kirsimeti ya riƙe ta a hanya. Ban gama karanta ta ba na ruga gidan waya na buga miki talgiram. Ina fata kafin wannan ta iso kin riga kin fitar da ƙanwarki daga ɗakin nan. Ga bayanin da talgiram ba ta da wurinsa.

Ba ƙarancin jini ba ne. Iskar ɗakin ce ta lalace. Gawayi in yana ci a wurin da ba ya samun iska sosai, yakan fitar da wata guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Mutum yana shaƙa jininsa yana ɗauka, kai ya yi ciwo, a yi amai, hankali ya gushe, daga nan sai barcin da ba a tashi. Duk abin da kika lissafa shi ne: ta warware a waje, ta koma a ciki, Inna da ke kanku ya yi ciwo, fitila ta ƙi ci. A nan ƙasar duk sanyi sai an ɗauki gawarwaki daga ɗakuna irin wannan, na shiga wasu da na'urata bayan an fitar da masu su.

Inna ba ta yi kuskure a al'ada ba. Iyayenmu sun yi jego da wuta ba abin da ya same su, saboda ɗakin ciyawa ta ko'ina numfashi yake, ga asabari a ƙofa. Wannan kuwa tulu ne aka rufe wa baki.

Ku mayar da ita tsohon ɗakin, ita da yaron. Kada a sake shiga da garwashi ɗakin siminti, ko na turare. In ta ƙi warwarewa a kai ta asibiti ko da a kan amalanke, ki ce ni na ce, arba'in ɗin ta zo ta same ta a can. Don girman Allah, Ummulkulsum, kada ki jira ƙarshen mako.

Ki rubuto mini ranar da kika samu wannan. Ba na iya cin abinci.

Attahiru

*

Tambuwal, 8 ga Janairu, 1979

Attahiru,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, kuma hankalinmu ya ɗan kwanta, Allah ya saka maka. Talgiram ɗinka ta zo ranar Asabar, na bar komai na hau babur ɗin wani malaminmu har Kebbe. Tsohuwar takardarka mai labarin alewa ita ma ta zo. Kafofin da ka tambaya babu su, maginin ya ce ƙadangare ke shiga ta nan.

Ba zan ɓoye maka ba, da na karanta sai da na sake karantawa. Abin da na ƙi kamawa a takarda, wanda na yi ta yi wa mata faɗa a kansa, sai ga shi kai da kanka ka faɗa. Na ce to, in mutumin da ke zaune cikin likitocin Turawa ya ce iska ce, ni wace ce da ɗan satifiket ɗina? Na karanta musu a tsakar gida. Inna ta fashe da kuka ta ce, “Kun ji ko? Mi nic ce muku? Tun ran da anka kai ta gindin tsamiyag ga nika faɗi. Ga shi ɗan boko ma ya gani tun daga can.”

To, mun kama aikin fitar da ita kamar yadda ka ce. An ɗauko wani malami daga wajen Sanyinna wanda ya san kan irin wannan. Ya ce a gindin tsamiyar ta shafe ta, shi ya sa take fita lafiya ta dawo a birkice. Ya hana a sake fita da ita, yanzu a ɗaki ake wankan. Ya ba da rubutu, ya ba da hayaƙin da ake zubawa a garwashi safe da yamma. Ya ce hayaƙin ba ya aiki sai ya zauna, saboda haka ni da kaina na bi tagar nan da tsumma, na liƙe ƙasan ƙofa da buhu. Ka san ni in na kama abu. Ko zare ba zai wuce ba.

Yaron an mayar da shi tsohon ɗakin ciyawa wurin Hauwa'u, matar ɗan Kawu, ana ba shi nonon akuya, don malamin ya ce kada ya sha na uwar sai abin ya fita. Zahara'u ta yi kuka a kan wannan, amma yanzu ta daina. Ta ma daina fisge-fisgen, barci take yi sosai, har fuskarta ta yi wani ja mai kyau. Malamin ya ce alamar abin ya fara sakinta ke nan.

Dole na dawo saboda an koma makaranta. Ka kwantar da hankalinka, bawana, ka ci abinci. Wannan karon ka yi abin kai.

Ummulkulsum

*

Ingila, 19 ga Janairu, 1979

Ummulkulsum,

Innalillahi. Ba haka nake nufi ba. Ba haka nake nufi ba, Ummulkulsum. ISKAR ƊAKI. ZAHARA'U za ku fitar, Zahara'u, matata. Na sake buga talgiram yanzu, na sa sunanta sau biyu.

Barcin nan ba sauƙi ba ne. Jan fuskar nan ba lafiya ba ce. Ki fasa tagar. In Inna ta tare ƙofa ki ɗauke ta gefe, ni zan nemi gafararta har ƙarshen raina.

Ina lissafi ina sakewa, takardata ta ranar huɗu ga wata ya kamata ta same ki tun tuni. Ki ce mini ta same ki. Shekara biyu ina auna ɗakunan mutanen da ban sani ba, ina rubuta wa Turawa yadda za su kwana lafiya, ga tawa can a rufe. Na tsaya gaban ma'aikacin waya ina ƙirga kalmomi kamar mai sayen goro, kalma ɗaya ce kawai ban sa ba.

Na je ofishin ɗalibai na roƙi tikitin jirgi, sun ce sai an rubuta Sakkwato an jira amsa. Na sayar da rediyona da kwat ɗina, wani ɗan Gusau ya yi alkawarin cika mini. Ina tafe ko ta yaya. Ban san me zan tarar ba. Ki rubuto ko layi ɗaya ne, ki ce tana zaune a tsakar gida tana shan fura.

Attahiru

*

Kebbe, 27 ga Janairu, 1979

Attahiru ɗan'uwana,

Assalamu alaikum. Yaro yana lafiya. Inna tana samun sauƙi. Na ba wani direba wannan takarda ya kai Sakkwato, ya ajiye maka a gidan Baffanka, don na san ta nan za ka fara sauka, kuma ba na son ka ji a bakin 'yan tasha.

Attahiru, sai haƙuri. Allah ya yi wa Zahara'u rasuwa ranar Talata, sha shida ga wata. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Takardarka ta bayani a ranar ta zo. Masinja ya miƙo mini ina cikin aji. Na karanta har inda ka ce tulu ne aka rufe wa baki, daga nan ban san yadda na fita ba, takalmina ɗaya a ajin na bar shi. Babu babur, sai motar gero na samu, kowane rami muka faɗa ina jin kamar in sauka in yi gudu. Ana kiran azahar na shiga gida. Ɗakin a rufe tun hayaƙin safe, mutanen gida suna cewa a bar su suna hutawa. Na ɗauki taɓarya na fasa tagar da na liƙe da hannuna. Inna muka tarar a kife bakin ƙofa, da alama ta taso za ta buɗe ne ƙafa ta ƙi. Ita ta farfaɗo a tsakar gida. Zahara'u tana numfashi sama-sama muka sa ta a motar, kanta a cinyata. Ba mu kai rabin hanyar Tambuwal ba. Ba ta yi magana ba, kada ka tambaye ni ko ta bar saƙo. Ba ta sha wahala ba a ƙarshe, wannan kaɗai zan iya ba ka.

Talgiram ɗinka ta biyu ta same mu muna zaman makoki. Na karanta ni kaɗai na sa a cikin zanena.

Kada ka ce kalma ɗaya ce ba ka sa ba. Ni ce na karanta. Ni na san abin da kake aunawa, na yi maka tsiya a kansa, takardarka mai bayanin toshe gidaje tana cikin jakata ranar da nake cusa tsumma a tagar nan. Da na ga kalmar, tsoron da aka raine ni da shi ya riga karatuna tashi. Ina jin haushinka, ina jin haushin Kawu da simintinsa, amma in na zo kan kaina sai in rasa inda zan sa raina. Ka yafe mini in za ka iya. In ba za ka iya yanzu ba, ba zan ga laifinka ba.

Saura magana ɗaya, ita ce dalilin da ya sa nake son ka karanta wannan kafin ka iso. Hauwa'u cikinta ya tsufa, kuma na ji Kawu yana cewa a gyara tagar don ita ma a nan za ta yi jego. Ka ga dole in yi magana. Na zauna gaban Inna da niyyar in gaya mata komai. Ta rame. Kafin in buɗe baki ta ce, “Ummu, ni dai na san na yi iyakar yi na. Ko sau guda ban bar wutag ga ta mutu ba. Sanyi bai taɓa mini ɗiya ba.”

Na kasa. Wallahi na kasa.

Sai na ce musu ka sake aiko da saƙo. Na ce ka ce iskar da ke cikin ɗakin nan ba ta fita sai an huda mata hanya ta sama a bango, kuma wuta ce abincinta, duk ranar da aka sake shiga da garwashi za ta tashi ta ɗauki wani. Ban ƙara ko harafi a kan abin da ka rubuta ba. Jiya magini ya zo ya fasa kafofi, Kawu yana tsaye yana kallo. Hauwa'u ta ce ko an yanka ta a ɗakin ciyawa za ta haihu. Na gaya wa malamin difensare gaskiyar magana, shi ya yi alkawarin bin gidajen da suka yi sabon gini, don ba mu kaɗai ba ne a garin nan.

Inna ba ta san sauran ba, kuma ni ba zan gaya mata ba. Kullum sai ta sa maka albarka, tana gaya wa masu ta'aziyya cewa surukinta tun daga ƙasar Turawa ya gane ciwon, ajali ne kawai ya riga magani. In ka iso za ta sa a shimfiɗa maka tabarma a ƙofar ɗakinta, za ta yi maka godiya daga bayan labule, za ta daɗe tana yi. Na roƙe ka, Attahiru, ka sunkuyar da kai ka ce amin.

'Yar'uwarka,
Ummulkulsum